Minti Huɗu A Kipton: Tarihin Agogon Aljihu Na Ma'aikatan Jirgin Ƙasa

Duk wanda ya zauna a Ikko ya san Ebute Metta, unguwar da hedikwatar reluwe take tun zamanin Turawa. Zaman da na yi kusa da wannan unguwa shi ya cusa mini sha'awar kayan jirgin ƙasa na da, har ta kai ni ga tara tsofaffin agogunan aljihu. Na farkon da na saya, a wani tsohon kantin zinare da agogo na same shi cikin tsibirin Ikko, da hoton kan jirgi a bayansa, hayaƙi yana tashi gwanin sha'awa. Mai kanti ya rantse mini irin wanda direbobin jirgi ke riƙewa ne, ni kuwa na biya ko tayi ban yi ba. Da na kai wa wani dattijo Bayarabe mai gyaran agogo, sai ya buɗe bayan, ya maƙala gilashinsa a ido, ya duba, ya yi dariya ya ce, "Malam, jirgin nan a waje kawai yake, ciki babu shi." Na ce, "Baba, to yaya na gaskiyar yake?" Neman amsar wannan tambaya ce ta kai ni ga tarihin da nake so mu duba a yau, tarihin da ya faru a Amurka, inda aka yi asarar rayuka kafin a san darajar minti ɗaya.

Kafin zuwan jirgin ƙasa, kowane gari a Amurka da lokacinsa yake aiki. Idan rana ta take tsaka a garinku, ƙarfe 12 ta yi ke nan, ba ruwanku da garin da ke gabas ko yamma da ku. Mai tafiya a kan doki bai damu da bambancin minti 5 ko 10 ba. Amma da jiragen ƙasa suka yawaita sai abin ya zama rikici, domin kowane kamfani da agogon garin da yake bi, har ta kai akwai lokuta kusan 50 da kamfanonin ke aiki da su. Ranar Lahadi 18 ga Nuwamba 1883 kamfanonin suka haɗa kai suka raba ƙasar shiyya-shiyya, tazarar awa guda tsakanin kowace da mai bi mata. Gwamnati ma ba ta mai da tsarin doka ba sai a 1918. Ita kuwa Ingila ta riga su, don tun 1840 kamfanin Great Western ya fara bin lokacin Landan a tashoshinsa.

To amma mai karatu zai iya tambaya, me ya sa agogo ya zama abin rai da mutuwa a Amurka? Dalili shi ne yawancin hanyoyinsu layi guda ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi, ga nisa tsakanin tashoshi. Abin da ke hana su karo shi ne jadawalin tafiya da kuma umarnin da ake bugowa ta wayar tangarahu. Jadawali zai ce jirgi kaza ya ratse zuwa layin gefe a tasha kaza kafin ƙarfe kaza, ya ba babban jirgi hanya. Direba ba ya hango ɗan'uwansa, agogon aljihunsa ne idonsa. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kilomita guda a kowane minti, saboda haka agogon da ya yi lattin minti 4 ya ɓoye wa mai shi kilomita 4 na hanya. Tun 1853 aka ga illar haka a Valley Falls ta Jihar Rod Ailan, inda jirage biyu suka yi taho-mu-gama, mutum fiye da 10 suka mutu, aka kuma ɗora laifin a kan agogon kwandasta da ke latti.

Hatsarin da ya fi yin suna shi ne na ranar 18 ga Afrilu 1891, a wani ɗan ƙauye da ake kira Kipton cikin Jihar Ohayo, yamma da birnin Kilibland. Jirgin wasiƙu mai gudu ya doshi gabas, jirgin fasinja ya doshi yamma, a kan hanyar kamfanin Lake Shore and Michigan Southern. Na fasinjan ne ya kamata ya shiga layin gefe a Kipton, amma bai kai ga shiga ba suka haɗu dab da tasha. Mutum 8 suka rasu, direbobin biyu da ma'aikatan gidan waya 6 da ke tantance wasiƙu a taragon gaba. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne agogon direban jirgin fasinja ya tsaya na minti 4 sannan ya ci gaba da aiki, shi kuwa bawan Allah yana ganin da sauran lokaci.

Bayan wannan hatsari kamfanin ya ɗauko wani mai kantin zinare da agogo a Kilibland, Webb C. Ball, ya ba shi aikin sa ido a kan agogunan ma'aikata. Wasu kamfanoni sun riga sun fara duba agogo kafin nan, amma Ball ne ya tsaurara tsarin, wasu hanyoyin kuma suka yi ta ba shi irin wannan aiki har zuwa rasuwarsa a 1922. Sharuɗɗan sun ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma sun yi ta ƙara tsauri da tafiyar shekaru, amma ginshiƙansu sanannu ne. Dole fuskar agogo ta kasance a buɗe ba murfi, fara, da baƙaƙen lambobi manya, ban da lambobin Romawa masu rikita ido da dare. Dole wurin wani ya kasance a saman ƙarfe 12. Girman inji lamba 18 ko 16, wato faɗin kusan milimita 45 ko 43. Duwatsu aƙalla 17, daga baya aka fi son 19 ko 21. Sannan uwa uba, kada ya yi gaba ko baya fiye da daƙiƙa 30 a mako. Mako guda daƙiƙa 604,800 ne, ke nan kuskuren da aka yafe bai kai kashi ɗaya cikin 20,000 ba, a na'urar da babu batir, sai sifirin da haƙoran ƙarfe, tana bugawa sau 5 a daƙiƙa cikin jijjiga da zafin tukunyar kwal.

Bari in ɗan yi bayanin waɗannan duwatsu, don nan ake yawan cutar masu saye. Ƙananan yaƙutu ne da ake dasawa a inda sandunan ƙafafun inji ke juyawa, saboda sun fi ƙarfe tauri da santsi, ba sa cinyewa da wuri. Ba su da wata daraja ta kuɗi, aikinsu rage guga ne kawai. Haka kuma ana daidaita injin a yanayi biyar, a kwance fuska sama, a kife, a tsaye, da kuma a kan gefe biyu, don agogon da ke aljihun mai aiki ba ya zama wuri ɗaya. Ana kuma gwada shi a sanyi da zafi. Sai wata dabara da ta fi burge ni. A agogon gida, in kana son gyara lokaci sai ka jawo kan wani ka murɗa. A na reluwe kuwa sai ka kwance zoben gilashin gaba, ka zaro wata 'yar sakata da farce, kafin hannuwa su yarda su motsa. An yi haka ne don kada direba yana wana agogonsa ya taɓa lokaci bai sani ba.

Yanzu mu zo ga dalilin da ya sa ake tsintar waɗannan agoguna a tsofaffin kantunan zinare na ƙananan garuruwan Amurka. Ai su ne masu dubawar. A kowane garin da ma'aikatan jirgi ke sauka, kamfani yana naɗa wani mai kanti ya zama sufeton agogo, yana da babban agogon bango da ake daidaitawa da saƙon tangarahu. Ma'aikaci da kuɗinsa yake sayen agogo, sau da yawa ana cira kaɗan-kaɗan daga albashi. Duk mako biyu zai kai a gwada shi da na bango, a rubuta bambancin a katin da yake yawo da shi, sufeto ya sa hannu. A hanyoyi da yawa ba a ma yarda ma'aikaci ya gyara lokaci da kansa ba. Idan lokacin wanki da sa mai ya yi, sai mai kanti ya karɓa ya ba shi na aro, wanda aka zana sunan kantin da lamba a bayansa, har a gama. Da wannan zamani ya wuce, agogunan aro, da waɗanda aka yi musaya, da waɗanda masu su ba su dawo karɓa ba, suka rage cikin aljihun tebur shekara da shekaru. Su ne masu tarawa ke bi gari-gari suna nema.

Kamfanonin da suka yi fice wajen ƙera su kaɗan ne. Akwai Waltham ta Jihar Masacuset mai samfurin Vanguard, da Elgin da aka kafa a 1864 mai samfurin B.W. Raymond, da Illinois mai Bunn Special, sai Hamilton da aka kafa a 1892 a Lankasta ta Jihar Pensilbaniya, wadda samfurinta 992B mai duwatsu 21 ya fito a 1940 ya kai har 1969. Shi Ball bai da masana'anta, waɗannan kamfanoni ke ƙera masa bisa sharuɗɗansa a sa sunansa. Abin lura ga mai saye shi ne a farkon zamani inji daban ake sayarwa, gida daban, mai kanti ne ke haɗa maka su. Don haka lambar da ke jikin inji ce ke nuna shekarar ƙira, ta jikin gida ba ta nuna komai game da injin. Daɗin daɗawa, lokacin da zinare ya yi tashin gwauron zabo a 1980, har oza ta kai dala 850, an narke gidajen zinare masu yawa, aka bar injina tsirara, wasu aka cusa su cikin gidajen da ba nasu ba.

To ina nawa mai hoton jirgi ya fito? Tun 1867 wani maƙeri a Suwizalan, Roskopf, ya fito da agogo mai araha don talakawa, daga baya masu kwaikwayonsa suka cika kasuwannin duniya da irinsa, suna buga hoton jirgi a baya don mai saye ya ɗauka yana da ingancin na reluwe. Wasu har da rubuta duwatsu 21 alhali gilashi ne aka manna ba ya aikin komai. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Na gaskiyar sau da yawa bayansa fili ne ba hoto, adonsa yana ciki, inda aka zana sunan samfuri da yawan duwatsu da yawan yanayin da aka daidaita shi.

A nan Nijeriya kuwa, samun na Amurka sai an dace, kuma da dalili. Layin dogonmu da ya isa Ibadan a 1901 da Kano a 1911 Turawan Ingila ne suka shimfiɗa, su kuwa a layi guda wata hanya suka bi. Direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an miƙa masa sanda ko makulli na wannan yanki, kuma na'urar ba ta sakin biyu a lokaci ɗaya. Wanda ke riƙe da shi, shi ke da hanya. Saboda haka nauyin da ke kan agogo bai kai na Amurka ba, kuma a Ingila kamfani ne ke ba ma'aikaci agogo da tambarinsa da lamba, in ya bar aiki ya mayar.

Ƙarshen zamanin agogon aljihu ya zo ne a hankali. Fitilun sigina da rediyo suka rage dogaro da jadawali, a farkon shekarun 1960 kamfanoni suka fara amincewa da agogon hannu, a 1969 kuma Seiko ta Japan ta fito da mai batir da ke aiki da dutsen kwats. A wannan shekarar Hamilton ta daina ƙira a Amurka, Waltham kuwa tun 1957 ta rufe. Yau agogon leda na yara ya fi 992B riƙe lokaci.

Ala kulli halin, shawarata ga mai sha'awar wannan harka ita ce, in ka samu na gaskiya kada ka yi gaggawar wana shi, don man ciki ya bushe tuntuni, sai ka kai wa gwani ya wanke. Sannan in an buɗe, ka dubi cikin murfin baya da gilashi. Za ka ga ƙananan lambobi da haruffa da aka karta da allura, layi bisa layi. Kowane ɗaya alamar mai gyara ce, ranar da agogon ya shiga hannunsa. Masu neman riba sun fi son wanda ba a taɓa ba, ni kuwa na fi ƙaunar mai yawan kartu, domin shi ne shaidar cewa wani ya yi ta kai agogonsa ana dubawa shekara bayan shekara, ya kuma kai fasinjojinsa gida lafiya. Ba mamaki agogon direban Kipton ma mai kyau ne ranar da ya saye shi, mai dubawa ne bai samu ba. Shi ya sa nake roƙon masu gyara da masu sayarwa, don Allah in za ku goge gida ya yi ƙyalli, ku bar waɗannan kartu yadda suke.

Nawa mai hoton jirgin yana nan ban yar ba, na ajiye shi kusa da na gaskiya guda biyu da na samu daga baya. Kullum yana lattin kusan minti 4. Sai wani jiƙon.