Daren da Khalid Abdul-Wahab ya kwashe iyalin Boukris

A watan Nuwamban 1942 sojojin Jamus suka sauka a Tunisiya, ba su fita ba sai watan Mayun 1943. Wata shida ne kacal, amma Yahudawan ƙasar sun ɗanɗana kuɗarsu. Wanda aka damƙa wa sha'aninsu shi ne Walter Rauff, jami'in rundunar SS ta Jamus da ke da hannu a ƙera motocin da aka riƙa kashe mutane da hayaƙi a cikinsu a Turai. Maza kusan 5,000 aka tasa ƙeyarsu zuwa aikin dole, aka ci al'ummar tara mai nauyi, aka ƙwace gidaje.

A Mahdiyya, tsohon birnin Fatimiyyawa da ke bakin teku, akwai wata yarinya 'yar shekara 11, Anny Boukris. Sojoji suka kori iyayenta, Jacob da Odette, daga gidansu, iyalin suka raɓe da dangi a wani wurin matse man zaitun.

Khalid Abdul-Wahab kuwa ɗan gata ne, ɗan fitaccen masanin tarihi Hassan Husni Abdul-Wahab. Shekararsa 31, ya yi karatu a waje, kuma shi ke shiga tsakanin mutanen gari da hafsoshin mamaya, har abinci yakan ci da su. A irin wannan zama ne ya ji wani hafsa yana cika baki cewa ya ɗora ido a kan wata matar aure Bayahudiya, kuma sai ya same ta. Khalid ya gane Odette ake nufi. Yadda Anny ta ba da labari, ya yi ta ɗura wa hafsan giya har ya bugu, sannan cikin tsakar dare ya je ya buga musu ƙofa. Kafin gari ya waye ya kwashe mutum 20 da 'yan kai zuwa gonarsu da ke Tlelsa.

Sun yi kusan wata huɗu a can, har sojojin Ingila suka iso a watan Afrilun 1943. Ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Eva Weisel, 'yar uwar Anny, ta rubuta a 2011 cewa wani dare hafsoshi biyu sun shigo gonar a buge suna barazana ga mata, Khalid ne ya fito ya lallaɓa su suka tafi.

Mutanen Talata Mafara, Bakura da Maradun ba sa buƙatar a yi musu bayanin nauyin wannan aiki. Duk wanda ya sauki 'yan gudun hijira da 'yan bindiga suka taso daga ƙauye ya san kwanan farko ba shi ne wuya ba. Wuyar tana ga ciyarwa wata da watanni, da zullumin kada baƙin su jawo maka abin da suka gudar wa.

Khalid ya rasu a 1997 ba tare da ya ba 'ya'yansa labarin ba. Sai a 2003 Anny, ta tsufa a Amurka, ta ba da shaida, ta rasu jim kaɗan bayan haka. Wani marubuci, Robert Satloff, ya buga labarin a littafinsa na 2006, ya kuma miƙa sunan Khalid ga cibiyar Yad Vashem da ke Ƙudus, mai karrama waɗanda suka ceci Yahudawa. Cibiyar ta ƙi, bisa hujjar cewa bai sa ransa cikin haɗari ba. Balaraben farko da ta karrama shi ne likitan Masar Mohamed Helmy, a 2013.

A ganina hujjar ba ta da ƙarfi. Mutumin da ya janye mace daga hannun hafsan Jamus, a garin da Jamusawa ke riƙe da bindiga, ya cancanci a sa sunansa.