Wane Ne Baƙo A Ƙofar Asibiti? Darasi Daga Tarihin Yerwa



A shekarar 2025 wasu jihohin Amurka sun tsuke bakin aljihu kan kula da lafiyar baƙin da ba su da takardun zama. Jihar Ilinoi ta rufe shirinta na masu shekara 42 zuwa 64 a watan Yuli, ita kuma Kalifoniya ta yanke cewa daga Janairun 2026 ba za ta ƙara yi wa manya irinsu sabuwar rajista ba. Wani zai ce ina ruwan Hausari da Kalifoniya? To ni a ganina akwai ruwa har da tsaki, domin tambayar wane ne baƙo, a garin nan aka taɓa yi mata mummunar amsa.

Tun da Shehu Garbai ya tare a Yerwa a 1907, garin nan matattara ce. Ga Barebari masu gari, ga Shuwa da Fulani, ga kakanninmu da fatauci ko neman karatun allo ya kawo, waɗanda masu gari ke kira Afuno, ga mutanen Chadi da Nijar da Kamaru da ke shigowa ba tare da sun san sun tsallake wata iyaka ba.

A watan Janairun 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Borno kuma jigo a jam'iyyar GNPP, ta tasa ƙeyarsa zuwa Chadi, wai shi ba ɗan Najeriya ba ne. Sai da Babbar Kotun Maiduguri ta yanke hukunci cewa ɗan ƙasa ne sannan ya samu gaskiyarsa. Jama'a, wanda talakawa suka zaɓa ke nan, mai lauyoyi da jam'iyya a bayansa. Ina ga mai tura kurar ruwa?

Bayan tarzomar Maitatsine ta Kano a 1980 da ta Bulunkutu a nan garin a Oktoban 1982, sai zargi ya koma kan baƙi, ga kuma kuɗin mai ya ja baya. A Janairun 1983 aka ba duk marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, aka kori mutane kimanin miliyan biyu. Kada kuma mu manta, a 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta yi wa mutanen zango irin wannan kora, Hausawa da Yarabawa suka dawo da ƙullin kayansu a ka. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin lura, a wannan shekara ta 1983 ne aka buɗe Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, kuma tun daga lokacin marasa lafiya daga Chadi da Nijar da Kamaru ke zuwa neman magani a cikinsa. Dalili kuwa a fili yake, cuta ba ta tsayawa a shingen Gamboru ko Banki a duba mata takarda. Cutar shan inna ta daji ta ƙarshe da aka gani a Najeriya a nan Borno ce, a 2016, kuma da masu ɗiga rigakafi sun tsaya tambayar asalin kowane yaro, da ba a kai ga shelar kawar da ita daga Afirka a 2020 ba. Haka kwalarar da ta ɓarke a sansanin Muna Garej a 2017, ba ta tambayi ƙaramar hukumar kowa ba.

Yanzu ga inda nake so mu yi hattara. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan duk mazaunin Najeriya, amma wajen rajista ana neman lambar NIN. Mu tuna da waɗanda suka gudo daga Bama da Baga ba ko takalmi, da waɗanda ambaliyar Alau ta Satumbar 2024 ta tafi da takardunsu. Mu tuna Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, alhali da yawanmu muna da dangi a Diffa da Damagaram. Duk ranar da aka ce sai mai takarda zai samu magani, talakan da aka haifa a Gwange na iya tsintar kansa a layin baƙi.

Shawarata ita ce kowa ya karɓar wa 'ya'yansa takardar haihuwa da lambar NIN tun kafin rana ta ɓaci, masu unguwanni da ƙungiyoyinmu su taimaki tsofaffi da almajirai su yi rajista. Idan kuma muka ji ana cewa baƙi ne ke cinye maganin asibiti, kada mu zama 'yan amshin shata, domin mu ma a wani bakin baƙin ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da Borno lafiya, amin.