Tsohon Rediyo, Sabon Sauti: Nazarin Haɗa Waya da Memori da Rediyon Mota a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Gabatarwa

Akasarin motocin da ke jigilar mutane da kaya a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi sun girmi wayoyin da ke aljihun direbobinsu nesa ba kusa ba. Mota ta baro masana'anta da rediyon kaset ko na faifan CD, shi kuwa direba duk abin da yake son saurare, daga karatun Alƙur'ani zuwa waƙoƙin finafinan Kano, yana cikin memori ko waya. Wannan nazari ya duba hanyoyin da ake bi a haɗa biyun, da yadda kowace take aiki, da abin da haɗin ya haifar a cikin motar haya. Hujjarsa ita ce: hanyar da ta yi rinjaye a karkarar Maraɗi ba ta fi sauran daɗin sauti ba, ta dai fi su dacewa da shekarun motoci, da yanayin hanya, da aljihun direba, kuma wanda ya fahimci haka ba zai yi gaggawar yanke wayoyin motarsa ya jefar da rediyonta na asali ba.

Hanya da motocinta

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso, Ƙonni da Madawa, ita ce ta ɗinke gundumomin uku. Tana ratsa Gidan Rumji, kimanin kilomita 50 kafin Maraɗi, ta wuce Tsibirin Gobir. A gabas kuma ta bi ta Cadawa zuwa Agye, kimanin kilomita 80 daga Maraɗi, sannan Gazawa, wadda aka ɓalle daga Agye ta zama gunduma a 2011, kafin Tasawa da Damagaram. Daga kwaltar nan ne hanyoyin burji da na rairayi suke rassa zuwa kasuwannin ƙauye, inda Hiyas da tsofaffin Fijo da a-kori-kura ke kwasar gero, wake, gyaɗa, riɗi da aya.

Waɗannan motoci kusan duk na hannu ne. Shekara da shekaru ana loda su daga Turai, musamman Beljiyam, da kuma Amurka, a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi tsoka. Kowace ta zo da rediyon da aka ƙera domin wata ƙasa da wani zamani.

Dalilin mutuwar kaset da CD

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, CD kuma ya shigo kasuwa a 1982. Dukansu sun dogara ne da sassa masu motsi. Na'urar kaset tana jan zare da ƴar roba da bel; zafin Afrilu da Mayu, da yakan haura digiri 40 a inuwa balle a cikin motar da aka rufe, yana busar da robar, sai zare ya riƙa naɗewa. CD kuma ido ne yake karanta shi da haske. Ƙurar hunturu ta dushe idon, gargadar burji ta sa waƙa tsalle.

Tsarin MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi jagorancin samar da shi a farkon shekarun 1990, ya kawar da wannan damuwa, domin memori ba shi da abin da ke juyawa. Sannan ga yalwa. A matsakaicin inganci, minti ɗaya na sauti yana cin kusan megabait ɗaya, don haka memori mai gigabait 8 yana ɗaukar fiye da awa 130, alhali kaset na yau da kullum minti 60 ne ko 90. Abin da ya rage shi ne yadda sautin zai isa lasifikokin mota.

Kaset mai wutsiya

Hanya mafi tsufa ita ce kaset ɗin da ba shi da zare, sai igiya mai kan da ake sokawa a ramin abin saurare na waya. Wani injiniya Ba'amurke, Larry Schotz, ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1988. A cikinsa akwai ɗan kai na maganaɗisu wanda ke fuskantar kan da ke karanta zare a rediyo. Sautin waya yana zama maganaɗisu, rediyo ya karanta kamar zare ne ke wucewa. Akwai kuma ƴan haƙoran roba da ke juyawa don kada na'urar ta ɗauka kaset ya ƙare ta tsaya ko ta juya gefe. Idan kan rediyo yana da tsabta, sautinsa yakan fi na FM kyau. Rauninsa shi ne yana buƙatar injin kaset mai rai, abin da ya yi ƙaranci a motar da ta sha rairayin Cadakori ko Gangara.

Ƴar MP3 ta mota

Wannan ita ce ta mamaye tasha. Ƴar na'ura ce da ake cusawa a gurbin kunna taba, tana da ramin memori da na filashi, sababbinta kuma suna karɓar sauti daga waya ta bulutut. A haƙiƙa ƙaramin gidan rediyo ne: tana watsa sautin a zangon FM, eriyar mota ta kama, rediyo ya fitar. Ƙarfinta bai taka kara ya karya ba; a Turai dokar da ta halatta irinta ta ƙayyade shi a nanowat 50, abin da bai wuce ƴan taku ba. Sirrin nasararta shi ne abu biyu kawai take nema, wutar batir da zangon FM, kuma da wuya a samu motar da ba ta da su.

Saita ta yana da ƙa'ida. Direba zai murɗa rediyo sai ya samu gurbin da babu kowa, inda shuuu kawai ake ji, a ce 87.7. Sai ya danna maɓallin na'urar har lambarta ta zo daidai. Nan take shuuu ɗin zai ɗauke, alamar rediyo ya kama. Idan daga waya sautin yake zuwa, a ɗaga muryarta zuwa wajen kashi uku cikin huɗu, a bar sauran ga rediyo. In an ƙure ta sauti ya fashe, in an rage ta da yawa ƙara ta rufe waƙa.

A nan karkara ta fi birni sa'a. Ɗabi'ar FM ce idan tashoshi biyu suka haɗu a mita ɗaya, mai ƙarfi ta danne mai rauni. Tsakanin Agye da Gazawa, ko yamma da Gidan Rumji, tashoshi ba su da yawa, guraben banza sun wadata. Da mota ta doshi Maraɗi, inda Muryar Sahel, Anfani, Sarauniya, Garkuwa da sauransu ke watsa shirye-shirye, sai a ji wata murya tana kutsowa cikin waƙa. Direbobi da yawa sukan zargi na'urar da lalacewa, alhali mita kawai za a sauya.

Asalin mota ma yana da tasiri. Rediyon Turai yana kama daga 87.5 zuwa 108, kuma yana tsayawa a kowace lamba. Na Amurka yana tsallake ɗaya: 88.1, 88.3, 88.5, don haka in aka saita na'ura a 88.2 ba zai taɓa kamawa tas ba. Wanda aka ƙera domin cikin gidan Japan kuwa, tsohon zangonsa daga 76 ne zuwa 90, sai ya zamana ƴar tazarar 87.5 zuwa 90 kaɗai suka yi tarayya da na'urar. Mai sayar da kayan waya da ya san wannan zai rage wa kansa rigimar dawo da kaya.

Tana da nata aibi. FM ba ya ɗaukar sautin da ya haura kilohaz 15, kuma masu arha sukan zo da tsaki. Araha ba ta ado. Gurbin kunna taba na tsohuwar mota ya saki, da an faɗa rami sai wuta ta yanke, na'urar ta koma waƙar farko. Shi ya sa za ka ga an naɗe ƴar takarda ko an soka tsinken ashana a gefe don ta zauna daram. Wannan ba laifi. Haɗarin yana wajen fiyus: idan ya ƙone aka maye gurbinsa da zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin taba, an cire abin da zai tsinke wuta ranar da wayoyi suka haɗe, kuma gobarar mota daga irin haka take farawa.

Igiya kai tsaye

Motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 da yawansu suna da ramin AUX mai faɗin milimita 3.5. Babu hanyar da ta kai wannan tsabtar sauti, domin babu watsawa babu kamawa. Ko da yake Apple ya cire ramin abin saurare daga iPhone a 2016, wayoyin Tecno da itel da suka cika hannun jama'a galibi suna da shi. Matsala ɗaya sananniya ita ce idan ana cajin waya daga mota ana kuma sauraro, sai a ji wani siririn fito da ke tashi da sauka tare da totur. Daga altaneta yake, yana biyo igiyar caji. A zare caja ya ɓace. Wasu tsofaffin rediyoyi kuma suna da gurbi a baya wanda aka tanada don akwatin faifai da yawa, kuma ƙwararren mai gyara yana iya shigar da sauti ta nan ba tare da ya yanke komai ba.

Canza rediyo ɗungurungum

Ganin kasuwa ta cika da rediyoyin Sin masu memori da bulutut, mutane da dama sukan zaɓi cire na asali. Girman gurbin ba matsala ba ne a yawancin motoci, tunda akwai ma'auni na duniya, milimita 180 a faɗi da 50 a tsayi, ko ninkinsa. Ɓarnar tana wajen haɗa wayoyi. Sabon rediyo yana da waya rawaya mai son wuta kullum don ya riƙe saiti, da ja mai samun wuta sai an murɗa makulli, da baƙa ta jikin mota. Mai gaggawa yakan murɗe ja da rawaya wuri ɗaya ya kai su batir. Rediyo zai yi aiki, amma ba ya barci. Motar da ta kwana biyu a ajiye sai turi. A manyan motoci masu wuta 24 kuwa, rediyon wuta 12 ƙonewa yake yi nan take in babu abin rage ƙarfi.

Akwai asarar da ba a cika lissafawa ba. Rediyon masana'anta an gwada shi da zafi da girgiza, kuma kunnensa ya fi kaifi wajen kama tasha mai nisa. Yana da matsakaicin zango, wanda a kansa mutanen wannan yanki suka daɗe suna jin Rediyon Kaduna, yayin da masu arha da yawa FM kaɗai gare su. Ga direban da ke kwana a hanya, labarin yanayin tsaro da farashin kasuwa da sanarwar rasuwa sun fi waƙa muhimmanci. Wani lokaci ma rediyon da ake cewa ya mutu lafiyarsa lau: na motocin Turai da yawa suna kulle kansu idan an cire batir, su rubuta CODE ko SAFE, suna jiran lambar sirri da ta ɓace tun a tashar jirgin ruwa. Neman lambar ko kai shi ga mai buɗewa ya fi jefar da shi.

Wa ke zaɓen abin da za a ji?

Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar kwafe kaset da rarraba shi. Yau wannan aiki ya koma hannun masu tura waƙa, matasa masu kwamfuta a rumfunan cajin waya na bakin tasha, da kuma manhajar Xender da bulutut tsakanin abokai. Lamarin ya game Sahel: faifan Music from Saharan Cellphones da Christopher Kirkley ya fitar a 2011 daga memorin mutanen Kidal ta Mali aka tattaro shi.

Sakamakon farko shi ne direba ya zama mai tsara shiri. Memori ɗaya yana iya haɗa ƙira'ar Ahmad Sulaiman, tafsirin Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, Shata, Ɗanƙwairo, Mamman Barka, Sa'adu Bori da Hamisu Breaker. Fasinjoji kuwa ba su da mafita; dattijo da amarya da almajiri duk abu ɗaya za su ji har a sauka. Wannan iko amana ne. Direban kirki yana duba waɗanda ya ɗauka, yana rage murya in an ce "Malam direba, a taimaka," kuma yana barin yaron mota ya canza waƙa, shi ya riƙe sitiyari, domin duban waya na daƙiƙa 3 a gudun kilomita 90 tafiyar mita 75 ce ido rufe, a hanyar da amalanke da dabbobi ke tsallakawa.

Na biyu ya shafi masu fasaha. Kuɗin turi yana tsayawa a rumfa, ba ya kai wa ga mawaƙi, kuma hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, BNDA, tana da jan aiki wajen samo tsarin da zai haɗa masu turi da mawaƙa ba tare da an kashe sana'ar matasa ba. Na uku shi ne adana tarihi. Tsofaffin kaset na makaɗan fada da na noma da na biki an juye su zuwa memori, sun tsira daga ruɓewa, amma sau da yawa sun rasa suna: lamba kawai ake gani a fuskar na'ura, babu mawaƙi, babu gari, babu shekara.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa igiya ta fi tsabtar sauti, kaset mai wutsiya na biye, amma ƴar MP3 ce ta dace da mafi yawan motocin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, saboda ba ta neman komai sai wuta da FM, kuma sararin karkara ya ba ta wuri. Abin da ya kamata shi ne a fara da hanyar da ba ta taɓa wayoyin mota, a bar canza rediyo ya zama matakin ƙarshe a hannun wanda ya san aikinsa. Cibiyoyin koyar da sana'a na jihar za su yi amfani ƙwarai in suka sa wannan ɗan ilimi a darasin wutar mota, ƙungiyoyin direbobi kuma su ja kunnen mambobinsu kan fiyus da taɓa waya. Masu bincike na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da cibiyar nazarin tarihin baka ta CELHTO da ke Yamai su ma suna da aiki a tashoshin nan: su kwafi abin da ke cikin memorin direbobi, su rubuta sunan kowane makaɗi da garinsu tun dattawan da za su iya shaida muryoyin suna raye.