Madatsar Ruwa ta Kainji

Kainji ita ce babbar tashar lantarki ta farko da Najeriya ta gina mai aiki da ƙarfin ruwa. Tana kan kogin Kwara, a ƙasar Borgu cikin Jihar Neja ta yau. An fara gininta a 1964, aka kammala a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. Kafin ta, yawancin wutar ƙasar daga kwal da man dizal take fitowa, a tashoshi irin su Ijora a Legas da Oji River kusa da Inugu, masu turnuƙe sama da hayaƙi.

A Kainji ba a ƙona komai. Ruwan da aka tare ne ke gangarowa da ƙarfi ya juya injuna. An tsara wa tashar injuna 12, amma 8 aka girka, masu ƙarfin megawat 760. Wurin ya dace da aikin, domin kogin yana kawo ruwa sau biyu a shekara: farin ruwa mai laka na daminar yankin, sannan baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ba ya isowa sai cikin hunturu. Saboda haka ko da rani tafkin madatsar na samun ƙari.

Sai dai wutar da ba ta hayaƙi ma akwai masu biyan kuɗinta. Tafkin ya haɗiye tsohon garin Bussa, inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya rasu a 1806, ya haɗa da gonaki da maƙabartu da tsibiran da ƙabilar Gungawa ke noman albasa a kai tun kaka da kakanni. Sama da mutum 40,000 aka tasa, daga Borgu har ƙasar Yawuri. An gina musu Sabuwar Bussa da wasu ƙauyuka na gidajen siminti, amma manomin da ya saba da fadamar bakin kogi ba ya samun kamarta a kan tudu. Abin takaici, wasu ƙauyukan gefen tafkin sun daɗe suna kwana cikin duhu alhali manyan wayoyi na ratsa yankinsu zuwa birane. Wannan rashin adalci ne, kuma bai kamata tarihin madatsar ya tsallake shi ba.

A 1972 aka haɗe hukumar madatsun kogin Kwara da hukumar lantarki ta ƙasa, aka samar da NEPA. Daga baya aka gina madatsun Jebba da Shiroro, aka kuma ja layi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, wanda Nijar ta dogara da shi shekaru da dama.

Rashin gyara ya durƙusar da injunan Kainji da yawa, jama'a suka koma ga janareta, hayaƙin da aka guda ya shigo har tsakar gida. A 2013 gwamnati ta ba kamfanin Mainstream Energy hayar tashar tare da ta Jebba, aka shiga farfaɗo da injunan ɗaya bayan ɗaya.