Daga Inuwar Ladan Zuwa Ƙwayar Zarra

Kakana ladani ne a Gayam, kuma bai taɓa ɗaura agogo ba. In rana ta karkata sai ya fito fili, ya sa tsinke inda inuwar kansa ta tsaya, ya auna da tafin ƙafa. Tsayin mutum ƙafa bakwai ne. In inuwa ta ƙaru da bakwai a kan ta tsakar rana, la'asar ta yi. Ran da hadari ya taso daga dajin Kamuku kuwa, sai kirdado.

Daga baya alhazai suka fara tsarabar agogo, ana saita shi da rediyon BBC, wanda ya soma Hausa a 1957. Yau waya ke saita kanta, kuma lokacin nan nata daga cikin ƙwayar zarra yake fitowa.

Wani Ba'amurke, Norman Ramsey, shi ya gano dabarar a 1949. Ana haska wa zarra wani haske da ido ba ya gani, a bar ta ta yi tafiya, a sake haska mata. A tsakani tana cikin hali biyu lokaci guda, tana riƙe da bugun hasken. Kamar 'yar lugude ce da ta ajiye taɓarya ta je shan ruwa, amma tana ƙirge a zuci. In ta dawo daidai, bugu ya hau kan bugu. In ta kuskure, ɗaya ya kashe ɗaya. Da wannan ake gane ko hasken ya kauce, a gyara shi.

A 1955 Louis Essen ya ƙera agogon zarrar siziyom a Ingila. A 1967 duniya ta yarda daƙiƙa ɗaya ita ce kaɗawa 9,192,631,770 na wannan hasken. Taurarin GPS na ɗauke da agogunan zarra, turakun waya kuma na ɗaukar lokaci daga gare su.

A ƙarshen 2021, da aka katse layukan waya a Birnin Gwari saboda 'yan bindiga, duk wanda batirinsa ya fita sai agogon wayarsa ya rikice. Na ga wani matashin ladani tsaye cikin rana, ya cire takalmi, yana tambayar dattawa: "Baba, ƙafa nawa ne ma?"