Kalmar da Ta Zama Mabuɗin Baitulmali

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, sa'ad da nake tattara bayanai kan tarihin birane, na ci karo da Dokar Gidaje ta Amurka ta 1949. Da farko na ɗauke ta alheri tsantsa. Shugaba Harry Truman ya sa mata hannu ranar 15 ga Yuli, ta kuma tanadi rancen dala biliyan ɗaya da tallafin dala miliyan 500 domin sabunta birane. Sai da na natsu a kan sharuɗɗan samun kuɗin, sannan na gane inda gizo ke saƙar.

Tsarin shi ne birni ya sayi unguwa, ya rushe ta, ya sayar wa magina filin da rahusa, gwamnatin tarayya kuma ta biya kashi biyu cikin uku na asarar. Amma kuɗin ba ya fitowa sai an ayyana unguwar a matsayin lalatacciya, hukumomin birnin da ke neman kuɗin kuwa su ne masu ayyanawar. Sharaɗi na biyu ya ce dole mafi yawan wurin ya kasance gidajen zama, ko dai kafin rusau ko bayansa. Wannan "ko" ita ta halatta a rushe gidajen talakawa a gina abin da ba za su iya shiga ba.

Haka ta faru da unguwar West End a birnin Boston, matattarar 'yan ci-rani masu ƙaramin ƙarfi, da yawansu 'yan asalin Italiya. Masanin zamantakewa Herbert Gans, wanda ya zauna a cikinta gab da rusau, ya nuna cewa tsoffin gine-gine ne da haya mai sauƙi da zumunci mai ƙarfi. Duk da haka aka fara rushe ta a 1958, dubban mutane suka watse, benaye masu tsadar haya suka maye gurbinsu.

Kotu ma ba ta cece irinsu ba. Tun a 1954 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar wani mai kanti a birnin Washinton, cewa ana iya karɓe gini ko da lafiyarsa lau, muddin yana cikin yankin da aka ayyana. Baƙaƙen fata suka fi kowa jin jiki, har marubuci James Baldwin ya bayyana shirin a 1963 da cewa kawar da baƙar fata ne kawai.

A 1974 aka soke tsarin. Sabuwar doka ta koma raba tallafi bisa yawan jama'a da talauci da cunkoson gidaje, ta ba da fifiko ga masu ƙaramin ƙarfi, ta kuma shardanta a ji ta bakin mazauna. An yi shekara 25 kafin a yarda cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tun daga lokacin, duk sa'ad da na ji an ware kuɗin sabunta wani gari, ba yawan kuɗin nake fara tambaya ba. Ina neman takardar sharuɗɗa ne, in ga wa aka ba ikon cewa unguwa ta lalace, kuma ina mutanenta za su kwana bayan an gyara ta.