Ƙarshen Alewa Ƙasa: Labarin makasa a adabin Hausa

Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda Bature Gagare, ɗan Katsina, ya rubuta, na daga cikin ƙagaggun labaran Hausa na farko da aka gina kan makasa da ƙungiyar asiri.

An buga shi a 1982, bayan wata gasar rubutu da sashen al'adu na gwamnatin tarayyar Najeriya ya shirya. Gasar ce kuma ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina.

Tauraron littafin, Mailoma, Bamaguje ne da ya yi aikin soja a yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970.

Da yaƙin ya ƙare, sai ya tara tsofaffin sojoji, suka shiga noman wiwi da tara makamai, suna kashe duk wanda ya tare musu hanya.

A labaran leƙen asiri irin na James Bond, makashin gwamnati yake yi wa aiki. A nan kuwa, soja ne ya juya wa al'ummarsa bakin bindiga.

Littafin ya taɓo batun makomar waɗanda aka koya wa kisa bayan an ajiye makamai. Mailoma dai, kamar yadda sunan littafin ya nuna, halaka ce ƙarshensa.